Rabin Watan da Inna Ta Haƙa a Juye

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ranar Talata Madam Zali, mai shagon ɗinki a Madawa inda zan fara aiki, ta kira wayar Baba ta ce a ba ni. Ta tambaye ni ko na iya keken wuta, don kekunan shagonta duk na wuta ne, kuma kayan 'yan lekol, wato 'yan makaranta, sun taru mata, ba ta da lokacin mai koyo. Na ce i. Ni kuwa keken ƙafa kaɗai na sani, shi na koya wajen gwaggona tun da na bar lekol. Keken wuta ko taɓa shi ban taɓa yi ba. Ban yi niyyar ƙarya ba. Muryarta ce ta yi mini girma, bakina ya riga ni. In ta gane, tana iya maido ni gida a motar da ta kai ni.

Gobe ne tafiyar. Yau bayan la'asar Inna ta zauna bakin ɗakinta tana ɓarar wake, ta ba ni baya, ta ce in ɗauko takarda da alƙalami, za ta aika wa wata yarinya wasiƙa.

Na ce, "Wace yarinya, Inna?"

Ta ce, "Wata dai. Mai tahiya Madawa gobe."

Ni ce ɗiyarta ta fari. Ba ta kiran sunana, ba ta kuma taɓa zaunar da ni ta dube ni ta yi mini doguwar magana ba. Haka ake yi a wajenmu. Sai na gane ni take nufi. Na yago takarda daga tsohon littafina na lekol, na zauna bayanta, na rubuta yadda ta faɗa.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga yarinyar da za ta yi tafiya. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki shiga aikin nan da ƙafar dama.

Labarin gida ba sai na ba ki ba, kin san shi. Kurakuraina zan ba ki. Na yi aiki cikin mutane shekaru da yawa, a tudu da cikin gari, na tara su da dama. Na riga na sha wahalarsu, ba sai kin sake sha ba.

Zan fara da babban, wanda ko babanki bai sani ba.

Shekara ta biyu da aurena ana aikin gyaran fako a tudun bayan gari, ta wajen hanyar Keita. Ƙasar ta mutu, ta yi tauri kamar daɓen ɗaki, ruwa ya faɗo ya wuce. Aikinmu mu mata haƙa rabin wata. Kin san shi, kin yi kiwo cikinsa. Rami ne mai lanƙwasa, bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa, ƙasar da aka haƙe kuma a tara ta a bayansa ta tare ruwan ya zauna, sannan a dasa icce a ciki. Amma tudun nan shimfiɗe yake, ido ba ya ganin inda ya gangara. Sai masu awo sun zo da tiyonsu mai ruwa sun auna, su gaya wa shef, wato shugaban aikin, shef ya nuna mana.

Shef ɗin kuwa kakanki ne, mahaifin babanki. An ba ni mata ashirin in jagoranta don ina da ƙarfi kuma ba na makara. Ranar farko ya zo yankinmu da sandarsa, sauran mata suna can suna karɓar diga da kwanduna. Na durƙusa, na sunkuyar da kai, kamar yadda kowace mace ke yi gaban surukinta. Ya ce, "Ruwa daga nan yake zuwa. Bakin ya dubi can." Ya nuna da sanda. Ni takalmansa nake kallo. Har yau zan iya gaya miki na hagu an ɗaure shi da waya. Ya ce, "An gane?" Na ce, "To." Ya juya ya tafi wajen maza masu fasa dutse.

Ban ga inda sandar ta nuna ba. Da na miƙe, na dubi gabas na dubi yamma, na zaɓi ɗaya.

Hassu, taubashiyata, wadda kika sani da bakin tsiya, ta iso da diga a kafaɗa. Ta ce, "To, sarauniyar tudu, ina ya nuna?"

Na ce, "Can."

Ta ce, "Kin tabbata? Ni bara na ga ruwa ta nan yake bi, ya nufi gonar Ila da ke gindin tudu."

Na ce, "Ke kin hi shef sani?"

Ta ce, "A'a, ke dai na hi. Ni idona bai kwana cikin takalmi ba."

Mata suka fashe da dariya. Dariyar nan ce ta ɗaure ni. Da ba su yi ba, wataƙila da na aiki wata ta tambayo. Amma na ga in na koma baya an raina ni tun ranar farko. Na ce a haƙa. Muka haƙa kwana bakwai, tafin hannu duk ya yi kanta. Kakanki bai leƙo ba ko sau ɗaya, don yankin surukarsa ne, shi ma kunya yake ji. Masu awo sai ƙarshen wata za su dawo. Ruwa ya riga su.

Ya sauko da hantsi, mai ƙarfi. Da ya ɗauke muka hau tudu. Ramukanmu duk sun ba ruwa baya. Ya zo ya bugi tulin ƙasar, ya kewaye, ya haɗu wuri guda, ya yanka kwazazzabo har cikin gonar Ila, ya kwashe takin da bawan Allahn nan ya yi rani yana kaiwa da jaki. Cikin ramukan kuwa ɗan abin da ya faɗo daga sama ne kawai. Hassu ta dube ni, ta saɓa digarta ta wuce. Da ta yi mini tsiya da ya fi mini sauƙi.

Manyan aikin suka zo da mota. Suka tara mu suka ce wa ya nuna haka. Ina durƙushe. Kakanki ya ce, "Ni ne." Ranar aka karɓe masa shugabancin, ya koma ɗaukar dutse tare da samari. Ni aka mai da ni cikin masu haƙa. Na dawo gida na dafa tuwo na kai masa, ya ci, bai ce ba, ban ce ba.

Shekara goma sha ɗaya muka yi haka. Sai a ciwonsa na ƙarshe, wata safiya na kai masa kunu, ya juya fuskarsa wajen bango ya ce, "Ɗiya, rannan na ga kanki a ƙasa. Na san ba ki ga sandar ba. Na kasa cewa ki ɗago." Na ce, "Baba, a yafe mini." Ya ce, "Mu biyu muka haƙa su. A yafe wa juna."

To ki ji. Kunya abu ne mai kyau, ni na koya miki ita, ba kuma na nadama. Amma tana da wurinta. A wajen aiki ladabi shi ne ki dubi hannun mai nuna miki. In an gama yi miki bayani, kada ki ce "to" ki tsaya nan. Ki mayar da maganar da bakinki: "Madam, abin da na gane shi ne kaza da kaza, haka ne?" In kin gane daidai, ba ki rasa komai ba. In kin gane a juye, an kama shi tun yana ƙarami. Kuma kowane sabon aiki, ki yi ɗaya ki kai a gani kafin ki yi ashirin. Da rami ɗaya na haƙa na aika a kira shef, da gonar Ila na nan, da kakanki ya tsufa da girmansa. Riga ɗaya in ta lalace ana farke ta. Bandir guda in an yanka shi ba daidai ba, ba mai mayar da shi.

Kuma a kowane wurin aiki akwai Hassu, mai faɗin gaskiya da baƙar magana. Kada ki tsaya kan yadda ta faɗa. Ki cire tsiyar ki ajiye, ki duba abin da ya rage.

In wata rana Allah ya sa ke ce mai nuna wa wasu, ki tuna da kakanki. "An gane?" ba tambaya ba ce, kowa "to" zai ce miki. Ki ce, "Yi in gani." Ki kuma koma ki duba tun ranar farko, ko da wanda kike jin nauyinsa ne.

Bayan shekaru aka sake ba ni mata, a wani tudun. Na ce wannan karon ba zan yi kuskure ba, sai na yi wani sabo. Wurin haƙa ba ɗaya ba ne, akwai mai laushi, akwai mai tsakuwa da ke mayar da diga. Ni ke rabawa. Ban taɓa zama na ce zan yi son kai ba, amma kullum sai a tarar matan unguwarmu ne a mai laushi, matan wani ƙauye da ke zuwa da ƙafa daga nesa su ne a tsakuwa. Ba su yi mini gardama ba. Suka daina gaishe ni da fara'a, suka daina waƙa in ana haƙa, sannan suka fara raguwa ɗaya-ɗaya. Ni kuwa ina cewa raggaye ne.

Hassu ce ta sake tare ni a hanya. Ta ce, "Ke, tsakuwar nan gadon gidansu ce?"

Na ce, "Mi kike nufi?"

Ta ce, "Ki karya tsinke. Dogo mai laushi, gajere tsakuwa. Kowace sahiya a ja gaban kowa. In gajere ya faɗo miki ke ma ki sha."

Wannan karon na ji maganarta. Muka fara jan tsinke. Rana ta biyu gajere ya faɗo mini, matan ƙauyen nan suka yi ta dariya, wata ta ce, "Sannu da zuwa garinmu." Kafin mako ya fita waɗanda suka daina zuwa sun dawo, waƙa ta dawo. Aiki mai wuya ba ya korar mutane. Abin da ke korarsu shi ne su ga kullum su ake ɗora wa. In kin ga ana haka a shago, ko ke ce ke cin moriyar, ki ce a riƙa juyawa.

Amma ban gama da ke ba kan tsinken nan. Sabon shef ya zo ya ga aikinmu ya fi na kowa, ya tambayi dabarar. Na ba shi labari. Ya ce, "Kai, kina da basira." Na yi murmushi na ce, "Na gode." Hassu na tsaye kusa da ni. Da ya tafi ta ce, "Sannu mai basira. Allah ya ƙara." Daga ranar, shekara guda cur, ko ta ga zan faɗa rami ba ta buɗe baki. Kalma uku kawai ya kamata in faɗa: dabarar Hassu ce. Sai da na je har gidanta na same ta tana daka, na karɓi taɓaryar na ce na zo biyan laifi. Ta bar ni na dake turmi biyu kafin ta ce ya isa. Duk wanda ya taimake ki, ki ambaci sunansa gaban manya. Ba ya rage miki komai, kuma gobe zai sake buɗe miki baki.

Rubuta wannan da kyau, don na zamaninku ne. Lokacin da na samu aikin shara a gidan likita, an sa mu duka cikin rukuni ɗaya a waya, daga babban likita har mai gadi, don a riƙa sanar da juna. Abokiyar aikina Mariyama ta makara kwana uku a jere, ni kaɗai ke wanke ɗakuna. Rana ta uku na ɗauki waya raina a ɓace, na danna na yi magana. Na ce akwai masu ganin aikin nan na ubansu ne, su zo lokacin da suka ga dama. Ban faɗi suna ba, amma mu biyu ne masu shara. Na aika. Kowa ya ji. Kafin azahar har matan kasuwa sun ji, don wani ya tura waje.

Ashe ɗanta ne ba lafiya, tana zama da shi har a samu mai karɓarta, ta kuma ji nauyin faɗa. Ta zo ta same ni ina matse tsumma. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, gidana fa bayan naki yake." Maganar da ta faɗa ke nan. Ni da zan taka ƙafa in tambaye ta, na tara mata gari.

Wanda ya ɓata miki rai, shi za ki fara samu, ku biyu, ba gaban mutane ba. Ki fara da tambaya kafin zargi: "Lafiya kuwa? Na ga kaza." Sau da yawa amsar za ta kashe fushin. In bai gyaru ba, ku je wajen Madam tare, ki faɗa yana ji. Kada ki kai ƙararsa wajen kowa da kowa ban da shi. Waya kuwa, in ranki a ɓace yake, ki ajiye ta ki sha ruwa. Maganar baki iska na ɗauke ta, ta waya tana nan ana sake kunnawa. Lokacin aiki ma ki bar ta cikin jaka. Allura ba ta jiran mai kallon waya.

Saura ɗaya, shi ne bayan nan nawa da kike shafa wa mai. A gidan likitan duk wanda ya kira ni "to" nake cewa. Wannan ya ce ɗebo ruwa, wancan ya ce wanke zanen gado, wani ya aike ni kasuwa, duk a lokaci ɗaya. Ina ganin haka ake zama mutumin kirki. Ƙarshe ba wanda na gama wa nasa da kyau, kowa ya ji haushina, ni kuma na kwanta wata biyu da ciwon baya. Daga baya na koyi cewa, "Ga abin da ke hannuna, wanne zan fara?" Sai mai aiken ya zaɓa da kansa. Ba rashin kunya ba ne. In kin gaji ki ce kin gaji, in ba ki da lafiya ki faɗa tun da safe, kada ki jira ki faɗi kan aikin mutane.

Kin ga duk kurakuran nan, in kika duba, uwarsu ɗaya. Ko na yi shiru inda ya kamata in yi magana, ko na yi magana inda ba nan ya kamata ba. Wurin aikinku akwai wutar lantarki da waya da kekunan da ban taɓa gani ba, amma mutane ne a ciki, kuma mutane na san su.

Yanzu abin da ya sa na ce a ɗauko takarda. Ranar Talata ina bayan zana ina tankaɗe, na ji wata yarinya ta ce "i" a waya. Ban ji abin da aka tambaye ta ba, ba kuma zan tambaya ba. Amma na san wannan muryar. Da ita na ce "to" a kan tudu, kaina a ƙasa. Na ajiye rariyar, na kasa ci gaba.

Ba na jin tsoro a kan yarinyar nan. Na ga hannunta. Gwaggonta da ba ta yabon kowa, ita take ba wa wuyan riga in ya gagari manya. Duk abin da ba ta sani ba za ta koya, kuma da sauri. Rashin sani bai taɓa kashe aiki ba, ɓoye shi ne ke kashewa. Ita kuma ta fi ni sa'a da abu guda: ba ta haƙa ko rami ɗaya ba tukuna, ruwa bai sauko ba. Ni shekara goma sha ɗaya na ɗauki tawa. Ita tata kwana huɗu ce kawai, ba ta yi nauyi ba.

Iyakar abin da ke bakina ke nan. Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki gaida wanda ya girme ki, ki gaida wanda bai kai ki ba. Ki ci abinci, kada ki ce kin ƙoshi alhali ba ki ƙoshi ba, na san halinki. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya sa albarka a hannunki, ya ba ki shugaba mai adalci da abokan aiki masu gaskiya. Ya maido mana ke lafiya, mu gan ki da idonmu. Amin.

Daga wadda kika sani.

Nan Inna ta tsaya. Ta tattara ɓawon waken cikin zanenta, ta ɗauki faifan, ta miƙe. Ba ta waiwayo ba. Ta ce, "In an ga yarinyar a ba ta." Ta shige ɗaki.

Na karanta sau biyu. Na ninke, na sake buɗewa, don akwai sauran wuri a ƙasan takardar.

Motar Madawa sai hantsi take tashi. Bayan sallar asuba zan ce Baba ya ara mini wayarsa, zan kira Madam Zali kafin in je tasha. Na rubuta abin da zan faɗa a nan, don in muryarta ta sake yi mini girma in karanta:

"Madam, ina kwana. Ranar Talata na ce na iya keken wuta. Ban iya ba. Keken ƙafa na iya, kuma na iya shi sosai. In kin yarda ki nuna mini sau ɗaya, zan ɗinka riga ɗaya in kawo ki gani."

Tana iya cewa in zauna gida. Na san haka. Kayana dai suna nan a ɗaure bakin ƙofa, ban kwance su ba.